Yaron da rauni ya addaba tun yana jami'a, zai zama tauraro kuwa?

Nura Atlanta: Salamu alaikum jama'a. Wanda bai ji ba ya ji, Michael Penix, mai jifan ƙwallo (quarterback) na Atlanta Falcons a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, zai sake shiga ɗakin tiyata. Gwiwa ce kuma, ta hagu a wannan karon, jijiyar nan ta ACL da ke riƙe gwiwa daga ciki, wai ba ta tsinke duka ba, a wasan Carolina na Nuwamban 2025 abin ya same shi. Kakar 2025 ta ƙare masa ke nan. Tun ranar da Falcons suka ɗauke shi a lamba 8 a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2024 nake cewa yaron da jikinsa ya kasa ɗaukar wasan jami'a ba zai ɗauki NFL ba, aka ce baƙin ciki nake yi masa. Shekara huɗu ya yi a jami'ar Indiana, ba kakar da ya gama da ƙafarsa. To ga tambayata, ku ajiye Penix gefe ma in kun ga dama: yaron da ya riƙa jin rauni tun yana jami'a, akwai ranar da zai zama tauraro, ko kuwa mu daina yaudarar kanmu?

Mamman Seattle: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba shi lafiya tukuna, Nura, kafin ka fara raba gado. Sannan ka ce shekara huɗu a Indiana ka yi shiru, kamar a nan labarin ya tsaya. Ina ka kai 2022 da 2023?

Abba K.: Yayyena ku yi haƙuri, ni sabon shiga ne a ƙwallon Amurka. Wai me ya same shi a Indiana har ake ta maganar?

Sadiq: Abba, bari in jero maka. A 2018, shekararsa ta farko, jijiyar gwiwar dama ta tsinke. A 2019 ya ji ciwo a inda ƙashin wuya ya haɗu da ƙashin ƙirji, aka yi masa aiki. A 2020 gwiwar daman nan dai ta sake tsinkewa, a wasan Maryland. A 2021 kuma kafaɗar hagu ta goce, shi kuwa bahago ne, da ita yake jifa. Wasa 20 kacal ya buga a shekara huɗun. Amma duk wanda ya kalli Indiana a 2020 ya san me ya sa ba a fid da rai da shi ba. Ranar da suka ci Penn State 36 da 35, shi ne ya yi tsalle ya miƙe da ƙwallon ya taɓa turken kusurwar layin ci, har gobe mutanen Penn State ba su yarda ya kai ba. Bayan nan ya je gidan Ohio State ya jefa yadi 491. An ci su, amma ranar aka san da shi.

Nura Atlanta: Madalla, ka taya ni aiki. Rauni huɗu a shekara huɗu. Wannan ba tsautsayi ba ne, jiki ne.

Mamman Seattle: To saurari ragowar. Ya koma jami'ar Washington a ƙarshen 2021, wajen Kalen DeBoer wanda dama shi ya riƙe masa ɓangaren kai hari a Indiana a 2019. A 2022 wasa 13, yadi 4,641. A 2023 wasa 15, yadi 4,903. Wasa 28 a jere bai zauna a benci don ciwo ba. Ya zo na biyu a kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'a bayan Jayden Daniels, ya ɗauki makamanciyarta, kyautar Maxwell, ya fitar da Texas 37 da 31, ya kai Washington wasan ƙarshe na ƙasa baki ɗaya. Michigan ta ci su 34 da 13, na sani, kar ka tuna min. Idan wannan ba tauraro ba ne a ƙwallon jami'a, to ka nuna min wanda yake. Tambayarka ta riga ta sami amsa tun watan Janairun 2024, kai ne dai ba ka son amsar.

Baba Ɗanlami: Yara, ni ba ƙwallonku nake kallo ba, amma wannan gardamar mun yi ta shekara da shekaru a kan Abou Diaby da Jack Wilshere. Kullum a ce bari ya warke ku ga abin mamaki. Muna jira har suka tsufa. Hazaƙar da take kwance a gadon asibiti ba ta cin kofi.

Abba K.: Baba, to Dembele fa? A Barcelona har dariya ake yi masa, ga shi ya ɗauki Ballon d'Or a 2025.

Baba Ɗanlami: Kai yaro, an taɓa ganin ƙato mai nauyin buhun masara ɗaya da rabi ya zo a guje ya danne Dembele ƙasa, alƙalin wasa kuma ya ce daidai ne? Wasanku daban ne.

Bilkisu: Baba ya faɗi gaskiya a nan, amma ina so in raba muku abu biyu da Nura ya haɗa a kwano ɗaya. Aikina ke nan, gashin ƙashi da dawo da mutum kan ƙafarsa bayan tiyata. Raunin kafaɗa da na ƙashin wuya da Penix ya ji, irin wanda ake samu ne idan mutum ya faɗi a kan kafaɗa wani ƙato ya bi ya danne shi. Duk mai jifa da aka riƙa kayarwa haka zai iya samunsa, komai ƙarfin ƙashinsa. Idan ya warke kuma yawanci ya warke. Wannan ba ya gaya maka komai game da halittar yaro, abin da yake gaya maka shi ne sau nawa ake kai shi ƙasa.

Gwiwa daban ce. Jijiyar ACL idan ta tsinke ba ɗinke ta ake yi ba a mafi yawan lokuta, wata ake dasawa, a yanko daga jijiyar ƙoƙon gwiwa ko ta bayan cinya ko ta gabanta. Wata tara zuwa shekara guda kafin a koma fili. Kuma abin da duk mai wannan aiki ya sani shi ne, matashin da ya tsinke ta sau ɗaya ya koma wasan guje-guje da juyi, haɗarin sake tsinkewa ya ƙaru, ba a gwiwar da aka yi wa aiki kaɗai ba, har ɗayar. Wani saboda yanayin ƙashinsa ne, wani saboda yadda yake dira, wani kuma saboda ya shekara yana ɗora wa lafiyayyar ƙafar nauyi bai sani ba. Don haka a cikin huɗun nan na Indiana, biyu ne suka cancanci a tsorata da su. Na bana kuma ya shiga layin waɗannan biyun, ba zan ɓoye wa Mamman ba.

Nura Atlanta: Anti Bilki, ai kin goyi bayana ke nan.

Bilkisu: Rabi dai, ƙanena. Ban gama ba. Abin da yake kashe wa ɗan wasa sana'a ba yawan tsinkewar jijiya ba ne shi kaɗai, abin da ya lalace tare da ita ne. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan, da jijiyar da ke kai saƙo zuwa tafin ƙafa. Jijiya ana dasa wata. Guringuntsi in ya tafi ba ya dawowa yadda yake, shi ne yake zama sanyin ƙashi tun mutum yana da ƙuruciyarsa. Mu da muke kallo a talabijin ba mu san halin da guringuntsin Penix yake ciki ba. Likitocin ƙungiyoyi sun sani, don kowace shekara ana tara yaran a Indianapolis kafin zaɓe, a juya kowace gaɓa, a ɗauki hoton cikinta.

Sadiq: Shi ya sa misalin Todd Gurley yake ba ni tsoro fiye da na kowa. Sau ɗaya tak ya tsinke ACL a Georgia, a 2014. Rams suka ɗauke shi a lamba 10 a 2015, a 2017 ya zama gwarzon masu kai hari na NFL duka. Bayan kakar 2020 bai sake bugawa ba, yana ɗan shekara 26. Gwiwar ce ta ci shi a hankali. Shi kuwa Frank Gore sau biyu ya tsinke a Miami, hagu a 2002, dama a 2003. A lokacin har ya sha gaban abokin wasansa Willis McGahee a atisaye kafin ciwon farko ya kwantar da shi. Saboda gwiwoyin nan ya faɗo zagaye na uku a 2005, San Francisco suka tsince shi a lamba 65. Mutumin nan ya yi kaka 16 a NFL, a matsayin da aka fi shan duka, mai ruga da ƙwallo. Yadi 16,000 cif, na uku a tarihi, Emmitt Smith da Walter Payton kaɗai ke gabansa. Da Nura ne mai zaɓe a 2005 da ya tsallake shi yana murna.

Nura Atlanta: Da na tsallake shi, kuma da ba wanda ya zarge ni. Malam Sadiq, kana kawo min wanda ya tsira ne kana barin waɗanda aka binne. Ina Marcus Lattimore? A South Carolina babu kamarsa a 2010. Gwiwar hagu a 2011, ta dama ta goce gaba ɗaya a wasan Tennessee a 2012, wanda ya ga hoton bai manta ba. San Francisco ɗin nan dai suka ɗauke shi a zagaye na huɗu a 2013, suna fatan sun sami wani Gore. Ko wasa ɗaya bai buga ba, ya ajiye a 2014. Ina Sam Bradford? Kafaɗa a Oklahoma a 2009, aka ɗauke shi na ɗaya a 2010, ACL a 2013, ACL kuma a 2014. Ya tara kuɗi, na yarda, amma tauraro? Sunan Gore ana tunawa da shi ne don irinsa ba su da yawa.

Mamman Seattle: Lattimore ba misalin mai yawan rauni ba ne, misalin mugun rauni ne guda ɗaya. Abin da Anti Bilki ta gama faɗa ke nan.

Bilkisu: Haka ne. Gocewar gwiwa gaba ɗaya wani bala'i ne daban, jijiyoyi da yawa ke tafiya lokaci guda. Amma ko a nan ba a yanke hukunci. McGahee ya tsinke uku a dare ɗaya a wasan Ohio State a Janairun 2003, Buffalo suka ɗauke shi a lamba 23, ya zauna shekara guda, ya dawo ya yi sana'a mai tsawo. Jaylon Smith na Notre Dame har jijiyar saƙon ta taɓu a Janairun 2016, tafin ƙafarsa ya daina ɗaguwa, ana cewa shi ke nan, ya dawo ya shiga jerin zaɓaɓɓun taurarin NFL na 2019. Sai dai bai daɗe a saman ba.

Baba Ɗanlami: To ni abin da nake ji a bakinku, kamar mai sayen motar da ta taɓa haɗari ne. Wata an buga mata gefe ne, mai gyaran jiki ya daddaƙe ya fesa fenti, ta yi shekara goma tana Kano zuwa Legas. Wata kuma ƙashin bayanta ne ya karkace, duk tayar da ka sa mata sai ta cinye. Daga waje duk ɗaya suke. Dillali kuma ba zai gaya maka ba.

Abba K.: Baba ya kashe magana.

Sadiq: Bai kashe ba, don akwai hanyar da motar ke bi. Abin da Nura ya ƙi kallo shi ne me ya canza tsakanin Indiana da Washington. Jikin dai shi ne, gwiwar ita ce. Abin da ya canza ƙartin nan biyar ne da suke tsaye a gabansa. A 2022 sau bakwai kacal aka kayar da mai jifan Washington a bayan layi, kaka guda cur. A 2023 su aka ba kyautar Joe Moore ta katangar gaba mafi kyau a ƙasar, Troy Fautanu ma Pittsburgh suka ɗauke shi a zagayen farko. Ga masu cafkewa uku da duk suka shiga NFL, Rome Odunze wanda mahaifinsa ɗan asalin Najeriya ne, da Polk da McMillan. Yana ɗaga hannu akwai wanda ya kuɓuce. A Indiana kuwa, musamman a 2021, sai ya riƙe ƙwallo yana jiran wanda zai ba, ƙarti suna zuwa. Kuma shi kansa ya rage gudu da ƙwallo, ya koma jifa daga inda yake tsaye. Yaron da aka yi wa tambarin mai rauni, sau da yawa yaron da ba a tsare ba ne.

Nura Atlanta: To ai shi ne. Tauraron da sai an kewaye shi da ƙarti biyar mafiya kyau a ƙasa kafin ya gama kaka, a NFL wa zai ba shi wannan? Can kowace Lahadi waɗanda suke zuwa kansa su ne mafiya kyau a duniya.

Mamman Seattle: Wane mai jifa ne ba ya buƙatar katanga? Andrew Luck ba shi da tarihin babban rauni a Stanford, lafiya lau aka ɗauke shi na ɗaya a 2012. Indianapolis suka bar shi yana shan duka har ya ajiye wasa a 2019 yana ɗan shekara 29. Joe Burrow ma a shekararsa ta farko a Cincinnati aka karya masa gwiwa. Lafiyar jami'a ba takardar lamuni ba ce.

Bilkisu: Akwai ɓangaren da ba ku taɓa ba, kuma a wurina shi ne ya fi wahalar magani. Tsoro. Ina ganin mutum gwiwarsa ta warke sarai, duk gwajin da aka yi ya ci, amma ka ce ya dira a kanta sai ka ga ya saki nauyin a ɗayar. Penix da bakinsa ya ba da labarin yadda a 2021 yakan kwanta a ƙasa ranar wasa yana kuka yana roƙon Allah Ya fitar da shi lafiya. Ku duba abin da ya buga a shekarar, jifan ci huɗu, bakwai kuma a hannun abokan gaba. Ba hannun ne ya lalace ba. Mutumin da ya fito daga wannan ramin ya yi abin da ya yi a Washington, ni ba zan yi saurin rufe littafinsa ba. Amma kuma ban san ko zuciya tana iya hawa wannan dutsen sau uku ba, shi kaɗai ya sani.

Abba K.: Wai an taɓa samun wanda ya dawo bayan uku?

Sadiq: Thomas Davis na Carolina. Gwiwa ɗaya, 2009 da 2010 da 2011. Ya dawo, sai bayan nan ma ya yi shekarunsa mafiya kyau, sau uku a jere yana shiga jerin zaɓaɓɓu daga 2015, har ya buga Super Bowl, wasan ƙarshe na NFL. Kuma shi mai tsaro ne, aikinsa gudu da juyi da karo. Mai jifa bai kai shi buƙatar gwiwa ba.

Nura Atlanta: Mutum ɗaya kuma. Kullum mutum ɗaya.

Hajiya Rabi: Ina ta karanta ku ban sa baki ba. Ni uwa ce, ɗana yana buga wasan nan a sakandare a nan Ohio, ba da son raina ba. Duk kuna magana a kan ko ƙungiya ta ci riba ko ta faɗi. Ba wanda ya tambayi yaron. Gwiwa ma da sauƙi. Tua Tagovailoa kwatangwalonsa ya goce a Alabama a 2019, aka ɗauke shi na biyar, ya zo ya fi kowa yadin jifa a 2023. Ga amsar tambayarku, ya zama tauraro. Amma ranar da na ga yatsunsa sun ƙage a fili a 2022 bayan an buga kansa da ƙasa, ban yi barci ba. Da ni ce mahaifiyarsa da na ce ya isa haka.

Baba Ɗanlami: Allah Ya tsare mana su, Hajiya.

Mamman Seattle: Amin. Hajiya, abin da ya ɗan sauƙaƙa yanzu shi ne yaron ba ya fita hannu rabbana kamar da. Zamanin Lattimore jami'a ta cika filin wasa da sunansa, shi kuwa ban da kuɗin makaranta da inshora ba abin da doka ta yarda ya karɓa. Raunin Jaylon Smith ya sa ya faɗo zagaye na biyu, miliyoyi suka tafi a wasa ɗaya, daga nan ne irin su McCaffrey da Fournette suka ƙi buga wasan ƙarshen kaka a 2016. Tun Yulin 2021 yaro na iya karɓar kuɗin talla da sunansa, a 2025 kuma jami'o'in kansu suka fara biya kai tsaye. Ga damar sauya makaranta ba tare da zaman shekara guda ba. Da a zamanin da ne, Penix zai iya ƙarewa a Indiana a matsayin yaron da ya taɓa turke sau ɗaya. Shekarar da aka ƙara wa kowa saboda korona ita ma ta taimake shi, shekara shida ya yi a jami'a.

Nura Atlanta: Shekara shidan nan ita ce ɗaya matsalar. Ya shigo NFL yana gab da cika 24, da gwiwar da aka buɗe sau biyu. Yanzu in ya dawo yana da 26, wasannin da ya fara a NFL ba su kai kaka guda cikakkiya ba, kwantiraginsa na shekara huɗu ya ci rabi. Yaushe zai koyi aikin? Ni abin da ya fi ƙona min rai ma ba shi ba ne. An ba wani mai jifan, Kirk Cousins, kwantiragin dala miliyan 180 a watan Maris na 2024, mutumin da jijiyar dunduniyarsa ta tsinke watanni kaɗan kafin nan, sannan a watan Afrilu aka ɗauko Penix. Marasa lafiya biyu a kujera ɗaya, ga tsaronmu a lokacin ba mai kayar da kowa.

Sadiq: To ka ga laifin ya koma kan masu zaɓe, ba kan yaron ba. Da a zagaye na biyu aka ɗauke shi da yanzu kana cewa an yi dabara. Lamba 8 ce take ci maka tuwo a ƙwarya.

Nura Atlanta: Ban musa ba. Gore a lamba 65 caca ce mai arha. Penix a lamba 8 an jinginar da gida ne.

Bilkisu: A nan na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Inda ban yarda ba shi ne ka ce tun yana Indiana an san ƙarshensa. Da za a kawo min yaro mai shekara 21 da tarihin nan, abin da zan tambaya shi ne yaya guringuntsin yake, yaya ƙarfin cinyoyin biyu in an gwada su, wane matsayi yake bugawa, su wa ke gabansa. Adadin raunin shi ne na ƙarshe da zan duba.

Abba K.: Anti, to wannan na hagun, tunda an ce ba ta tsinke duka ba, zai fi saurin warkewa?

Bilkisu: In dai dasawa za a yi, lissafin ɗaya ne, Abba. Wata tara daga Nuwamba ya kai ka Agusta, ana gab da fara kaka. Zai iya kaiwa, zai iya rasa makonnin farko. Ni da za su ji tawa, kar su gaggauta shi don wasan buɗe kaka. Tsakanin tsinkewarsa ta farko da ta biyu shekara biyu ce kawai.

Mamman Seattle: Nura, in ya fara wasa goma a 2026 ina binka suya a Atlanta.

Nura Atlanta: Goma sha biyu. Kuma ba wasan da aka ɗauke shi a rabin lokaci za ka ƙirga min ba.

Mamman Seattle: Na karɓa. Baba Ɗanlami ne shaida.

Baba Ɗanlami: Ni ba na shaidar caca. Amma in an gasa a aiko min da nawa kason.